Ƙannena Masu Son Koyon Suwahili, Ku Lura da Goshin Kalma

Ƙannena, 'yan shekarun nan na lura matasanmu sun fara ɗaga ido suna duban gabashin Afirka. Wannan ya samu gurbin karatu a Nairobi, wancan yana son gwada fatauci a Darussalam, wata kuma kiɗan Tanzaniya ne ya shiga ranta har take son sanin abin da mawaƙan ke faɗa. Akwai ma wanda a Makka ya haɗa sahu da alhazan Zanzibar, ya ji rabin maganarsu kamar ya san ta, ya dawo gida da ƙudurin sai ya koya. Duk wanda ya tambaye ni ko Suwahili zai yi wa Bahaushe wuya, abin da nake gaya masa shi ne makon farko zai zo masa da sauƙi, kuma wannan sauƙin ne ya kamata ya fi yi wa hattara.

Asalin harshen na mutanen bakin teku ne, daga Lamu da Mombasa har Zanzibar da Kilwa. Fatake ne suka ɗauke shi suka kutsa da shi cikin ƙasa har gabashin Kongo. An daɗe ana rubuta shi da ajami kamar yadda kakanninmu suka rubuta Hausa, kafin boko ya zo. A 1928 aka yi taro a Mombasa aka zaɓi karin harshen Zanzibar ya zama daidaitacce, shi ne kuma za ku tarar a littattafai da labaran rediyo. Bayan samun 'yanci Julius Nyerere ya riƙe shi hannu bibbiyu ya haɗa kan Tanzaniya da shi. Yau harshen hukuma ne a Tanzaniya da Kenya da Yuganda da Ruwanda, yana cikin harsunan ƙasa huɗu na Kongo, Tarayyar Afirka ta sa shi cikin harsunan aikinta a 2022, hukumar UNESCO kuma ta ware masa ranar 7 ga Yuli, tana ƙiyasta masu jin sa sun haura miliyan 200. Ban kawo wannan don a buɗe musun wa ya fi wani girma tsakaninsa da Hausa ba. Irin musun nan bai taɓa ƙara wa kowa kalma ɗaya ba.

Ga inda sauƙin yake. Suwahili ya sha Larabci kamar yadda Hausa ta sha, kuma sau da yawa abin da muka ara shi suka ara. Dunia, siasa, sababu, hukumu, faida, hasara, sabuni, kalamu, habari: kunnen Bahaushe zai ji duniya da siyasa da sababi da hukunci da fa'ida da asara da sabulu da alƙalami da labari ba tare da an yi masa tafinta ba. Lokutan yini kusan kyauta ne, alfajiri, asubuhi, adhuhuri, alasiri, magharibi. Ƙidaya ma haka. In kun haddace moja, mbili, tatu, nne, tano, sita, saba, nane, tisa, kumi, sauran hanya a share take, don ishirini, thelathini, arobaini, hamsini, sitini, sabini, themanini da tisini su ne ashirin zuwa casa'in ɗinmu da ɗan wasali a ƙarshe. Ɗari mia ce, dubu elfu. Wanda ya yi makarantar allo ko Islamiyya zai tara kalmomi masu yawa cikin 'yan kwanaki, ya fara jin kansa.

To amma Hausa da Suwahili ba dangin juna ba ne. Hausa daga dangin harsunan Cadi take, Suwahili kuwa ɗan dangin Bantu ne, tare da Zulu da Lingala da Kikuyu. Larabcin aro ne a wurinsu kamar yadda yake aro a wurinmu, ƙashin bayan harshen na Bantu ne. Ko a cikin kalmomin da suka yi kama da namu akwai masu kai mutum su baro. Gari a wurinsu mota ce. Moto wuta ce. Kaka yayanka ne namiji. Soma karatu ne, kuku kaza ce. Wadda ta fi haɗari ga ɗan kasuwa ita ce riba, don a Suwahili kuɗin ruwa take nufi; abin da muke kira riba su faida suke ce masa. Ka tsaya gaban dattijon Zanzibar ka ce riba ka zo nema, ka ga irin kallon da zai yi maka.

Furuci ba zai ci muku lokaci ba. Wasulansu biyar ne, yadda aka rubuta haka ake karantawa, kuma ba su da karin sautin da ke raba mana kukan yaro da kukar miya. Abin da suke da shi shi ne nauyin murya a kan gaɓa ta biyu daga ƙarshe: kiTAbu, NYUmba, nyumBAni. Ch ɗinsu shi ne c ɗinmu. Dh da th da gh haruffan Larabci ne da duk mai tajwidi ya san su. Ng' na ng'ombe, wato saniya, shi ne sautin da muke rufe "nan" da "can" da shi, sai dai su har a farkon kalma suke kawo shi. Abu biyu ne kawai ke tona asirin Bahaushe. Na farko, bakinmu bai saba raba p da f ba, su kuwa sun raba su sarai: kupika dafa abinci ne, kufika isowa, pua hanci ne, fua wanki. Na biyu, muna son cusa wasali inda babu. Mtoto, yaro, ba mutoto ba ne. Ka rufe leɓe ka ja m ɗin ta hanci, sannan ka saki sauran.

Yanzu ga inda nake so ku zauna ku miƙe ƙafa. Bahaushe ya saba neman jam'i a ƙarshen kalma, yaro yara, kujera kujeru. Ya kuma saba raba duniya gida biyu, namiji da mace, har ƙofa da tukunya sai ya ce "ta". Suwahili ba ruwansa da jinsi. Yeye shi ne, kuma ita ce. Amekuja ya zo ne, kuma ta zo ne. Abin da yake da shi a madadin haka shi ne azuzuwan suna, kuma alamar kowane aji a goshin kalma take, abin da malaman nahawu ke kira ɗafa-goshi. Mutane na ɗaukar m- a tilo, wa- a jam'i: mtu watu, mtoto watoto, mwalimu walimu, Mhausa Wahausa. Kayan amfani da yawa na ɗaukar ki- da vi-: kiti viti, kujera ke nan, kisu visu, wuƙa, kitabu vitabu, littafi. Sunayen harsuna ma a nan suke, Kihausa, Kiarabu, Kiswahili. Itatuwa da wasu gaɓoɓin jiki na ɗaukar m- da mi-: mti miti, itace; mkono mikono, hannu. Wasu da ma- suke jam'i: jina majina, suna, jicho macho, ido, duka maduka, kanti. Akwai kuma wani babban aji da ba ya motsi ko kaɗan, nyumba gida ne, nyumba gidaje ne, kuma a nan yawancin kalmomin aro suka sauka.

Da a nan abin ya tsaya da ba wani aiki. Amma sunan da ya buɗe jimla shi ke fitar da anko, duk kalmar da ta biyo bayansa sai ta ɗinka irin atamfarsa, sifa da lamba da mallaka da aikatau. Ku dubi jimla ɗaya tana sauya kaya. Mtoto mdogo ameanguka, ƙaramin yaro ya faɗi. Watoto wadogo wameanguka, ƙananan yara sun faɗi. Kiti kidogo kimeanguka, ƙaramar kujera ta faɗi. Viti vidogo vimeanguka, ƙananan kujeru sun faɗi. Mti mdogo umeanguka, ƙaramin itace ya faɗi. Miti midogo imeanguka. Saiwar "ƙarami" ɗaya ce, -dogo, saiwar "faɗi" ɗaya ce, -anguka, goshin ne kawai ke juyawa. Ku lura kuma mtoto da mti duk da m suka fara, amma ɗaya ya ɗauki a- ɗaya ya ɗauki u-, don ba aji ɗaya suke ba. Wanda ya haddace kalma ɗari biyar bai kama wannan ba, za a gane abin da yake nufi a kasuwa, amma duk jimlar da ya yi a karye za ta fito.

Saboda haka shawarata ita ce kada ku taɓa rubuta suna shi kaɗai a littafin koyonku. Ku rubuta shi da jam'insa, ku liƙa masa "nawa" a gefe: kitabu changu, vitabu vyangu, jina langu, majina yangu, nyumba yangu, nyumba zangu, mtoto wangu, watoto wangu. Ku faɗa da ƙarfi har bakinku ya ƙi yarda da kitabu wangu tun kafin ƙwaƙwalwa ta tuna dalili. Masana sun jera azuzuwan da lambobi har zuwa 18, kuma na ga masu koyo da yawa sun ɓata makonni suna haddar jadawalin. Ban ga amfanin haka ga mai farawa ba. Ku fara da aji biyu, na mutane da na ki- da vi-, ku zauna a kansu har su kwanta, sannan ku ƙara ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma rangwame guda da ya kamata ku sani da wuri: duk mai rai, mutum ko dabba, a sifa da aikatau ankon mutane yake sawa ko da goshinsa na wani aji ne. Akuya mbuzi ce, amma sai a ce mbuzi mdogo ameanguka. Shugaba kiongozi ne, da ki- kamar kujera, amma kiongozi mzuri amefika ake cewa, shugaba nagari ya iso. Lambobi ma suna bin sahu, watoto wawili, viti viwili, miti miwili, in ban da sita, saba, tisa da kumi da manyan lambobin Larabci, waɗanda ba sa karɓar goshin kowa.

Aikatau shi ma aikin goshi ne. Abin da Hausa ke faɗa da kalma uku ko huɗu, Suwahili na dunƙule shi a guda. Ku ɗauki nitakupigia simu, zan buga maka waya. Ni- shi ne mai magana, -ta- ita ce "za", -ku- kai ne ko ke, -pig- bugu, -i- kuma ita ce "ma" ɗinmu ta "maka". Su ma buga waya suke cewa, kamar mu. Tsarin ba ya canzawa: mai aiki, sai lokaci, sai wanda aikin ya faɗa wa, sai saiwa. Masu aikin shida ne, ni- ni, u- kai ko ke, a- shi ko ita, tu- mu, m- ku, wa- su. Lokutan da kuke buƙata da farko huɗu ne, -na- na yanzu, -li- na abin da ya shuɗe, -ta- na gaba, -me- na abin da ya kammala. Ninasoma ina karatu, nilisoma na yi karatu, nitasoma zan yi karatu, nimesoma na riga na karanta. Shida sau huɗu ashirin da huɗu ke nan, kuma duk sabon aikatau da kuka koya sai ku zuba shi a cikinsu.

Tsakanin -li- da -me- Bahaushe kan yi tuntuɓe, don "ya iso" ɗaya ke gare mu. Alifika jana, ya iso jiya, labari ne na abin da ya wuce. Amefika, ya iso, ga shi nan a ƙofa. Shi ya sa "na gaji" nimechoka ne, "na ƙoshi" nimeshiba, don gajiyar da ƙoshin suna nan tare da kai. In ka ce nilichoka, kana ba da labarin wata gajiya ce ta da.

Korewa ta fi wannan tsauri. Mu mukan kewaye magana da "ba" gaba da baya, mu bar tsakiya yadda take. Su kuwa goshi na canzawa, alamar lokaci na canzawa, wani lokaci har wasalin ƙarshe. Ninasoma ya koma sisomi, ba na karatu. Nilisoma ya koma sikusoma, ban karanta ba. Nitasoma ya koma sitasoma. Nimesoma kuwa ya koma sijasoma, wanda ke ɗauke da "tukuna" a cikinsa, ban karanta ba tukuna. Kafin ku shiga ƙa'idar, ku haddace huɗun nan a dunƙule don kullum za ku buƙace su: sijui ban sani ba, sielewi ban gane ba, sitaki ba na so, sina ba ni da shi. Wannan na ƙarshe abokin nina ne, ina da, kuma ginin nasu daidai yake da namu, "ni" haɗe da "da". Nina pesa, ina da kuɗi. Sina pesa, ba ni da kuɗi. Kuna akwai, hakuna babu.

Akwai ƙare-ƙaren da ake yi wa ƙeyar aikatau, kuma ba baƙi ba ne a wurinmu. Yadda muke juya karanta ta zama karantar, ci ya zama ciyar, haka suke juya soma ta zama somesha, kula ya zama kulisha. Penda so ne, pendana son juna. Ku san da su, amma ku ajiye su sai gaba. Abin da ya fi gaggawa shi ne sanin yadda ake buɗe ƙamus. Ba za ku sami nimesoma a ƙarƙashin n ba. Sai kun fere goshin kun isa ga soma, sannan ku duba s. Mai koyon da bai iya fere kalma ba zai riƙa cewa ƙamus ɗinsa bai cika ba, alhali kalmar na ciki.

Inda Bahaushe ke da jari na gaske, wanda ba aro ba, shi ne gaisuwa. Mutanen bakin teku, musamman a Tanzaniya, ba sa shiga magana kai tsaye, kuma suna ganin rashin tarbiyyar wanda ya yi haka. Mu da muka tashi da "ina kwana, ina gajiya, yaya iyali" ba sai an koya mana haƙurin gaisuwa ba, kalmomin kawai za a ba mu. Babba shikamoo ake ce masa, ya amsa da marahaba. Sa'a hujambo, ya ce sijambo. Sai jerin habari: habari za asubuhi, habari za kazi, habari za nyumbani, wato labarin safiya, na aiki, na gida. Amsar nzuri ce ko salama, ko da zazzaɓi ke damunka, kamar yadda muke cewa lafiya lau kafin mu kawo kuka. A ƙofar gida hodi ake yi, a ce karibu. Pole kuwa ita ce sannu, ga majinyaci da mai ɗauke da kaya da wanda aka yi wa rasuwa, polepole kuma sannu sannu. Mambo, da amsarta poa, ta samari ce, kada ku kai ta gaban sa'an mahaifinku. Jambo tsirara kuwa ta 'yan yawon buɗe ido ce, da ka faɗe ta ka sanar da mai kaya cewa baƙo ya zo.

Ku ɗauka ɗayanku ya shiga kasuwar Kariakoo a Darussalam, ya tsaya gaban wani dattijo mai sayar da zannuwa. "Shikamoo mzee." "Marahaba, hujambo?" "Sijambo. Habari za kazi?" "Nzuri, karibu." Sai yanzu ya nuna zane ya ce, "Hii bei gani?", wannan nawa ne. "Elfu ishirini", dubu ashirin, a jere yadda muke jerawa. "Ghali sana, naomba upunguze kidogo", ya yi tsada, ina roƙo a rage kaɗan. Dattijo ya tambayi nawa zai bayar, ya ce elfu kumi na tano, dubu goma sha biyar, dattijo ya ce ongeza kidogo, ƙara kaɗan. Ciniki ne irin wanda kuka sani a Kantin Kwari ko kasuwar Maraɗi. Ku lura da naomba. A Tanzaniya da ita ake neman kusan komai, naomba maji, naomba chai, ko da da kuɗinka za ka saya. Nipe, ba ni, daidai ce a nahawu, amma tana iya sauka da kaushi a kunnensu. In kuma kuka ji laki, dubu ɗari ake nufi.

Agogo yana da nasa tarkon, kuma shi ne zai iya sa mota ta tafi ta bar ku. Ƙasashen nan kusa da tsakiyar duniya suke, rana na fitowa wajen ƙarfe shida kusan duk shekara, don haka daga nan suke fara ƙirga awoyi. Saa moja asubuhi, awa ɗaya ta safe, ƙarfe bakwai ne a agogonmu. Saa sita mchana sha biyun rana ne. In mai yankan tikiti ya ce maka bas zai tashi saa kumi na mbili asubuhi, ka ji sha biyu ka koma ka kwanta, to tun ƙarfe shida na safe ya ɗaga. Dabarar ita ce ka dubi lambar da ke fuskantar wadda aka faɗa a fuskar agogo: ɗaya na kallon bakwai, uku na kallon tara, sha biyu na kallon shida. Ranakun mako daga Asabar ake ƙirga su, Jumamosi, Jumapili, Jumatatu, Jumanne, Jumatano, sannan Alhamisi da Ijumaa. Jumatatu, mai ɗauke da uku, Litinin ce. Jumatano, mai ɗauke da biyar, Laraba ce. Wanda ya saba da ƙirgan Larabci daga Lahadi sai ya yi hankali kada ya zame da kwana guda.

Game da wurin sauraro, kuna da abin da masu koyo da yawa ba su da shi. BBC ta buɗe sashen Hausa da na Suwahili duk a 1957, DW da RFI ma suna da sassan biyu. Ku saurari labaran duniya da Hausa, sannan ku nemi na Suwahili na ranar. Tunda kun riga kun san abin da ya faru, kunnenku zai huta daga neman ma'ana ya koma kan goshin kalmomi: rais amesema, shugaban ƙasa ya ce, mawaziri wamesema, ministoci sun ce, serikali imesema, gwamnati ta ce. Kwata ɗaya a kullum ta fi yini guda a wata. Waƙoƙin zamani suna da daɗi kuma suna riƙe mutum, amma cike suke da maganar titi, musamman Sheng na samarin Nairobi, wanda gauraye ne na Suwahili da Turanci da harsunan Kenya, yana kuma sauyawa daga unguwa zuwa unguwa. Ku fara kafa daidaitacce, shi ake ji daga Lamu har Lubumbashi.

Wanda ya je Nairobi zai gamu da wata matsala ta daban. Mutanen birnin sun iya Turanci, da sun ji ka yi in'ina sai su juya maka harshe don su sauƙaƙa maka, ka yi wata shida ba ka ƙaru ba. Ka tanadi jimla uku a bakinka tun daga gida. Ninajifunza Kiswahili, ina koyon Suwahili. Sema polepole tafadhali, yi magana a hankali don Allah. Hii inaitwaje, me ake kiran wannan. Ta ukun ka riƙa yi wa mai shayi da ɗan bodaboda, wato ɗan acaɓarsu, da yaron matatu, wato bas ɗinsu na haya, mai karɓar kuɗin mota, kuma duk sunan da suka ba ka, ka tambayi yadda ake faɗin biyunsa kafin ka rubuta.